Shekara Shida a Fagen Karo: Labarin Christian Okoye

  Yau za mu ƙetare teku zuwa Amurka, mu duba wata sana'a wadda mutanen can suka ɗaukaka har ta kai matsayin da babu wani wasa da ya kai a ƙasarsu, wato ƙwallon Amurka. Za mu bi sana'ar ne ta sawun mutum guda, ɗan Najeriya, haifaffen Inugu, mai suna Christian Okoye, domin a cikin 'yan shekarun da ya yi a fage akwai duk abin da mai hankali ke bukatar sani game da ita: ɗaukakarta, da gajartar kwananta, da kuma bashin da take bar wa jiki bayan an daina tafi.

Bari mu fara da bayanin wasan kansa, don mu kawar da shubuha. Abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa ba shi ne namu ba. Ƙwallonsu dogo ne mai tsini a baki biyu, kuma galibi da hannu ake ɗaukarsa ko a jefa shi. Tsawon filin yadi 100 ne, ban da gidan kowane ɓangare mai yadi 10 a ƙarshe, kuma yadin nan shi ne dai wanda tela ke awon shadda da shi. Kowane ɓangare na tsayar da mutum 11. Masu riƙe da ƙwallo ana ba su dama 4 su ci gaba yadi 10. In sun ci, a sabunta musu wasu 4. In sun gaza, ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ƙwallo cikin gidan abokan hamayya ya sami maki 6, wanda ya buga shi tsakanin sanduna ya sami 3. Ku riƙe wannan: dama 4, yadi 10.

To, yaya ake tsayar da mai ɗauke da ƙwallo? Ana tsayar da shi ne ta hanyar kayarwa. A ruga a bangaje shi, a rungume shi, a maka shi da ƙasa, kuma wannan halas ne a dokar wasan, shi ne ma ginshiƙinsa. Saboda haka 'yan wasan ke sa hular kwano mai shingen ƙarfe a fuska, da wani irin lifidi a kafaɗu da ƙirji da cinyoyi. A duk lokacin da aka tayar da wasa, sahu biyu na ƙarti, waɗanda da yawansu sun haura kilo 130, sukan yi karo da juna gaba da gaba, kuma haka za a yi ta yi sau da dama kafin a tashi. Babbar hukumar wasan ita ce NFL, wadda a yau ke da ƙungiyoyi 32, kuma wasan ƙarshe na kowace shekara, wanda suke kira Super Bowl, shi ne abin da aka fi kallo a talabijin a Amurka baki ɗaya.

Yanzu sai mu juya ga mutumin namu. An haifi Christian Okoye a Inugu a shekarar 1961, kuma ya tashi kamar yadda yaran ƙasar nan ke tashi, yana buga ƙwallon ƙafa irin namu, sa'an nan da ƙarfinsa ya bayyana sai ya karkata ga wasannin guje-guje da jife-jife, musamman jifar faifai, inda ya shahara. A 1982, yana ɗan shekara 21, ya tafi jami'ar Azusa Pacific a jihar Kalifoniya, inda ɗan ƙasarsa, gwanin tsere Innocent Egbunike, ya riga shi zuwa. Maƙasudinsa guda ne, kuma ba ƙwallon Amurka ba ne: yana so ya wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta 1984, wadda za a yi a birnin Los Anjalas, ɗan tafiya kaɗan daga makarantarsa. Da lokaci ya yi, sai aka fitar da sunayen tawagar Najeriya, ba sunansa a ciki.

Masu sauraro, ku dubi yadda ƙaddara ke juya al'amarin bawa. Saurayin da ya shafe shekaru yana horo dare da rana don rana guda, aka rufe masa ƙofa alhali gasar tana bakin ƙofarsa, ba abin mamaki ba ne in ya karaya ya watsar da wasa ɗungurungum; amma shi sai ya nufi kocin ƙwallon Amurka na makarantar ya ce a gwada shi, yana ɗan shekara 23, bai san dokokin wasan ba, alhali takwarorinsa Amurkawa tun suna firamare suke cikinsa. Abin da ya zo da shi abu biyu ne waɗanda ba safai suke haɗuwa a jiki ɗaya ba, wato nauyi da gudu. Tsawonsa ƙafa 6 da inci 1, nauyinsa kimanin kilo 115, kuma yana cinye yadi 40 cikin kamar sakan 4 da rabi. Sai aka ba shi aikin mai ruga da ƙwallo, wato wanda ake miƙa wa ƙwallo a bayan sahu ya runguma ya kutsa cikin abokan hamayya.

A nan ya kamata in bayyana muku yadda ake shiga sana'ar, domin ba kamar ƙwallonmu ba ne inda ƙungiya ke sayen wanda ta ga dama. A Amurka jami'o'i ne ke renon 'yan wasa, sa'an nan sau ɗaya a shekara ƙungiyoyin NFL su zauna su yi zaɓe bi da bi, zagaye bayan zagaye, kuma ƙungiyar da ta fi kowa shan kaye a bara ita ke fara zaɓa, don kada ƙarfi ya taru a hannu ɗaya. Wannan hikima ce da ta cancanci yabo. Amma ƙofar ƙunci gare ta ƙwarai: a cikin 'yan wasan jami'o'i 100 da suka isa zaɓe, waɗanda ake ɗauka ba su kai 2 ba. Ku sake ji: a cikin 100, ba su kai 2 ba. A zaɓen 1987 ƙungiyar Chiefs ta birnin Kansas ta ɗauki Okoye a zagaye na biyu, shi ne mutum na 35 a duk ƙasar, shekara uku kacal bayan ya fara taɓa ƙwallon.

Shekararsa ta farko ya ci yadi 660. Ta biyu rauni a babban yatsa ya rage masa wasanni, ya tsaya a 473. Sai shekarar 1989 ta zo, wadda ita ce ƙololuwar al'amarinsa, kuma a kanta nake so mu ɗan dakata.

A wannan shekara aka kawo wa Chiefs sabon koci, Marty Schottenheimer, mutumin da mazhabarsa a wasa ita ce a riƙe ƙwallo a ƙasa, a yi ta dukan abokan hamayya da ƙarfi har su gaji, maimakon a yawaita jifa ta sama. Kuma da ya duba ya ga Allah ya ba shi ƙato mai gudun barewa, sai ya ɗora masa nauyin ƙungiyar kusan kacokan. A cikin kakar nan aka miƙa wa Okoye ƙwallo sau 370, ya ci yadi 1,480, ya kai ƙwallo gida sau 12. Babu wanda ya kai shi yawan yadi a duk NFL a wannan shekara. Abokan wasansa suka yi masa laƙabi mai ma'anar mugun mafarki daga Najeriya, domin masu tsaron baya ba su son ganinsa ya nufo su, kuma sau da yawa sai mutum biyu ko uku sun rataya a jikinsa kafin ya kai ƙasa. Wanda ya zo na biyu shi ne Barry Sanders na ƙungiyar Lions, da yadi 1,470, tazarar yadi 10 tak. A wasan ƙarshe, bayan nasara ta riga ta tabbata ga ƙungiyarsa, an yi wa Sanders tayin ya koma fili ya cike gurbin nan ya karɓe kambin, ya ƙi, ya bar wa na bayansa su buga. Na kawo wannan ne don irin wannan ƙana'a abar so ce a ko'ina aka same ta.

Amma ina roƙonku ku koma kan adadin nan na 370, domin shi ne zuciyar zancenmu na yau. Masu kallo sun riƙe yadi 1,480, sun yi ta murna. Jikin Okoye kuwa 370 ya riƙe, domin kusan kowace miƙawa ƙarshenta faɗuwa ce a ƙarƙashin ƙarti, a cikin wata huɗu kawai, ban da na wajen horo wanda ba a ƙidayawa. A wannan sana'a jiki shi ne jari, kuma kullum aka fita fili sai an ci daga cikin uwar kuɗin. Shekarar da ta biyo baya ya ji rauni a kafaɗa, ya sauko zuwa yadi 805, aka fara raba masa aiki da wani mai suna Barry Word. A 1991 ya farfaɗo ya ci 1,031, aka zaɓe shi cikin gwarazan shekara. A 1992 gwiwoyi suka fara ƙi, ya tsaya a 448, kuma daga nan bai sake buga wasan gasa ba. Jimla shekara 6, yadi 4,897, kai ƙwallo gida sau 40. Ya bar fage yana da shekara 31 zuwa 32, shekarun da malamin makaranta ko tela ko ɗan kasuwa bai ma kai tsakiyar ƙarfinsa ba.

Kada ku ɗauka shekara 6 kaɗan ce a wannan fage. Ƙungiyar 'yan wasan da kanta ta daɗe tana cewa matsakaicin zaman ɗan wasa a NFL shekara uku ne da 'yan watanni, kuma masu ruga da ƙwallo suna cikin waɗanda suka fi saurin ƙarewa. Ga shi kuma yawancin yarjejeniyoyin albashi ba a lamunce su gaba ɗaya ba, ma'ana in ƙungiya ta sallami mutum saboda ƙarfinsa ya ragu, ragowar kuɗin da aka rubuta a takarda ba lalle ya gan su ba. Miliyoyin da ake ji a labarai gaskiya ne, amma na 'yan ƙalilan ne, kuma na ɗan lokaci.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan rayuwar ɗan wasan ƙwallon Amurka, ta hanyar labarin Christian Okoye. Yanzu za mu shiga sashe mafi nauyi, kuma ina so iyaye musamman su matso kusa da rediyo.

A shekarar nan ta 1989, mutumin da ke tsakiyar sahun gaba na Chiefs, wanda aikinsa shi ne ya miƙa ƙwallo baya ta tsakanin ƙafafunsa sa'an nan ya tare ƙartin da ke gabansa don ya buɗe wa Okoye hanya, wani dattijon fage ne mai suna Mike Webster. Kafin zuwansa Kansas ya yi shekara 15 a ƙungiyar Steelers ta birnin Pittsburgh, ya ci Super Bowl sau 4 tare da su, kuma masana wasan na lissafa shi cikin mafiya gwaninta da aka taɓa yi a wannan matsayi. Ya yi ritaya bayan kakar 1990. Daga nan sai al'amuransa suka fara rikicewa ta yadda iyalinsa suka rasa gane kansa: mantuwa mai tsanani, da baƙin ciki marar dalili, da rashin barci, da kasa riƙe dukiya, har ya kai mutumin da dubban jama'a ke miƙewa tsaye don girmama shi ya koma kwana a cikin motarsa da tashoshin jirgin ƙasa. Ya rasu a watan Satumba na 2002, yana da shekara 50.

Likitan da aka kai wa gawarsa don binciken musabbabin mutuwa a Pittsburgh, cikin ikon Allah, shi ma ɗan Najeriya ne, Dokta Bennet Omalu, mutumin jihar Anambra, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Najeriya ta Nsukka. Da ya buɗe ƙoƙon kan ya ga ƙwaƙwalwar lafiya lau a ido, babu wata alama a zahiri. Da wani likitan ne, da a nan zai rufe takarda ya rubuta ciwon zuciya ya wuce. Shi kuwa sai ya ce mutum ba ya haukacewa yana ɗan shekara 50 ba tare da illa ba, ya nemi izini ya adana ƙwaƙwalwar, ya yanka ta siriri-siriri, ya rina ta, ya duba a ƙarƙashin madubin likita, sai ga wani sinadari da ake kira tau ya dunƙule a wurare da yawa yana kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. A 2005 ya wallafa sakamakon a mujallar likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa. Cutar ita ce ake taƙaita sunanta da haruffa uku, CTE, ma'anarta lalacewar ƙwaƙwalwa sannu a hankali saboda maimaituwar bugu a kai. An daɗe da sanin irinta a wurin 'yan damben Turawa, amma Webster ne ɗan NFL na farko da aka tabbatar da ita a jikinsa.

Wani zai tambaya, to ina amfanin hular kwanon? Ga amsa. Ku tuna lokacin da kuke cikin motar haya tana gudu, direba ya taka birki farat ɗaya. Motar ta tsaya, amma ku fasinjoji kun ci gaba, kun bugi kujerar gaba. Haka ƙwaƙwalwa take a cikin ƙoƙon kai, tana shawagi ne a cikin ruwa. In kai ya tsaya kwatsam saboda karo, ita takan ci gaba ta bugi ƙashi daga ciki. Hular kwano na hana ƙashi fashewa, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza. In maimaita: hula na kare ƙashi, ba ta hana girgiza. Kuma abin da bincike ya nuna shi ne ba sai babban bugun da ke sa suma kaɗai ba, har ƙananan da mutum ke tashi ya kakkaɓe jiki ya ci gaba, in sun taru dubbai cikin shekaru, suna barin tabo.

Hukumar wasan ba ta karɓi wannan magana da hannu biyu ba. Likitocin wani kwamitinta sun nemi mujallar ta janye rubutun Omalu, mujallar ta ƙi. A ganina wannan babban laifi ne, domin wanda ke cin riba daga ƙarfin wani, wajibi ne a kansa ya zama na farko wajen bincika abin da ke cutar da shi, kuma ɓoye illa ga wanda za ta shafa ha'inci ne a kowace shari'a. Daga bisani tsofaffin 'yan wasa sama da 4,500 suka kai ƙara, aka yi sulhu a 2013 a kan dala miliyan 765, kana kotu ta sa aka cire iyakar kuɗin. A 2016 wani babban jami'in NFL ya amsa a gaban 'yan majalisar dokokin Amurka cewa lalle akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. A 2017 masana a Jami'ar Boston suka bayyana cewa a cikin ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan NFL 111 da suka duba, sun sami cutar a 110. Adalci ya sa in ƙara da cewa waɗannan ƙwaƙwale iyalai ne suka ba da su, galibi don sun ga alamun ciwo tun mamatan na raye, saboda haka adadin bai nuna cewa kowane ɗan wasa na ɗauke da cutar ba. Har yau kuma ba a iya tabbatar da ita sai bayan mutuwa. An gyara dokoki, an hana kai hari da ƙoƙon kai, an wajabta fitar da wanda ya bugu a duba shi kafin ya koma, kuma duk wannan alheri ne, ko da yake bai kawar da asalin haɗarin ba.

Malamanmu na Usulu sun karantar da cewa shari'a ta zo ne don kiyaye abubuwa biyar na larura: addini, da rai, da hankali, da nasaba, da dukiya. Hankali na cikinsu, kuma a jerin malamai ya gabaci dukiya. Akwai ɗan wasan da ya yi aiki da wannan tartibi a aikace, a ƙungiyar nan ta Chiefs kuwa. Sunansa Husain Abdullah, Musulmi ne Ba'amurke, wanda ya ajiye wasa na shekarar 2012 ɗungum don ya sauke farali a Makka, ya dawo ya ci gaba, sa'an nan a 2016, yana ɗan shekara 30 kuma da sauran ƙarfinsa, ya yi ritaya da kansa bayan ya sami girgizar ƙwaƙwalwa sau 5, domin yana so ya rayu da hankalinsa cikakke.

Shi kuwa Okoye, Allah ya ba shi tsawon rai bayan fage. Tun 1990, yana tsakiyar tashensa, ya kafa gidauniya don taimakon yara marasa galihu ta hanyar wasanni da ƙarfafa karatu, kuma a shekarar 2000 ƙungiyar Chiefs ta shigar da sunansa cikin jerin gwarazanta na dindindin. Hanyar da ya share ta zama turba, domin bayansa 'yan asalin Najeriya da dama sun yi suna a NFL, cikinsu har da Osi Umenyiora wanda ya ci Super Bowl sau 2 da ƙungiyar Giants.

Wannan ya kawo mu sashe na ƙarshe, wato abin da ya shafe mu a nan gida. Hukumar NFL ta fara neman matasa a nahiyarmu, ta yi sansanin gwaji na farko a Gana a 2022, ta kuma zo Legas a 2024, kuma ba shakka akwai dogayen samari ƙarfafa a garuruwanmu da wata rana labarin zai iso kunnensu. Ban ce kada su je ba. Sana'a ce ta halas, kuma ta fitar da gidaje daga talauci. Abin da nake roƙo shi ne a shiga da ido buɗe. Saurayi, in dama ta zo maka ta hanyar makaranta, ka riƙi karatun da gaske har ka karɓi takardar shaida, domin wasan na 'yan shekaru ne, sauran rayuwa kuwa doguwa ce. Ga yara ƙanana akwai nau'in wasan da ba a karo a cikinsa, inda ake fizge ƙyalle daga ƙugun mai ƙwallo maimakon a kayar da shi, kuma an shigar da shi gasar Olamfik ta 2028.

Iyaye da masu horar da yara, ku ma ga naku. Bugun kai bai tsaya a Amurka ba. Yana filin ƙwallon unguwa idan kai biyu suka haɗu a sama, yana fagen dambe, yana kan titi idan babur ya kayar da mai shi. In yaro ya bugu a kai, ya yi jiri, ko ya yi amai, ko ya rikice, ko ya kasa tuna abin da ya faru, to a fitar da shi daga wasa nan take, ko da ya rantse ya warke. Kada a mayar da shi a wannan rana. A kai shi asibiti, kuma kada ya koma fili sai likita ya yarda. In maimaita: a fitar da shi, kada a mayar da shi, a kai shi asibiti.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Wanda ya ji, don Allah ya isar wa kocin unguwarsu da sarkin damben garinsu. Allah ya kiyaye mana lafiyar jiki da ta hankali, mu da zuriyarmu.